Yadda Na Turara Manyan Ingila a Greensboro

Tun da na dawo daga Amurka ƙofar gidanmu ba ta huta ba. Wannan ta shigo ta ce, "Hajiya, da gaske ne ba a yanka kaza a tsakar gida?" Waccan ta ce in ba ta labarin ƙanƙara, alhali ni lokacin zafinsu na je, gumi na sha kamar ban bar Katsina ba. Maƙogwarona ya gaji da maimaici. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata, wadda idonta ya yi rauni jikoki su karanta mata.

Autata Rabi ce ta haihu a wani gari da ake kira Greensboro, cikin jihar North Carolina, a shekarar dubu biyu da shida. Can mijinta Sanusi yake zaune. Biza ta makara har aka yi suna ban je ba, amma na ce wankan jego kam ba zai wuce ni ba. Na haɗa kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa, yajin jego, kilishi, ganyen wanka, da turaren wuta kwalba-kwalba. Maigidana Alhaji ya tsaya yana kallon akwatunan ya ce, "Jego za ki, ko rumfa aka ba ki a kasuwarsu?"

Daga Kano muka tashi, muka sauya jirgi a Amsterdam. A nan na fara gamuwa da hanyar nan mai tafiya da kanta. Na hau lafiya, amma ba wanda ya gaya mini tana ƙarewa. Da ta ƙare sai ga ni a ƙirjin wani dattijon Bature, ni ina salati shi yana ba ni haƙuri. A jirgi na biyu ban yarda da namansu ba, burodi da man shanu na yi ta ci har ma'aikaciyar ta gane ni, in ta zo wucewa sai ta ajiye mini biyu.

Da muka sauka Amurka, muna layin kaya, wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna gaban akwatina ya ƙi tashi. Aka kai ni gefe. Wata jami'a ta sa safar hannu ta kwance ƙullin daddawa, ta ja da baya har ta buge teburin da ke bayanta. Da ta zo kan kanwa sai fuskarta ta canza, ta kira wani, shi ma ya kira wani. Turancina na firamare ne, ya daɗe da tsatsa. Na ce musu, "Fud. Bebi." Ba su gane ba. Sai na ɓalli kanwar na lasa a gabansu, na yamutsa fuska, don kanwa ba ta san baƙo ba. Ɗayansu ya yi dariya. Suka bar mini kanwa da daddawa, suka riƙe ganyen wanka da kilishi. Karen ya bi kilishin da kallo, ni kuma na bi karen da kallo. Mu biyu mun san inda zai ƙare.

Wani ƙaramin jirgi ya ƙarasa da ni Greensboro. Sanusi yana hango ni ya zube ƙasa yana gaisuwa, yaro mai ladabi. Wata Baturiya da ke wucewa ta ɗauka wani abu ne ya faɗi masa, ta durƙusa ita ma tana taya shi dubawa.

Gidansu a bene yake kusa da wani dogon titi da suke kira High Point Road, titin da babu komai a kansa sai wuraren sayar da motoci da gidajen abinci da kantuna. Har kantin da ake samun garin masara da man ja akwai. Gidan ɗaki biyu ne da falo, bangon kuma katako. In maƙwabci ya yi atishawa sai ka ji kamar ka ce masa yarhamukallah. A irin wannan gida surukuta wahala ce. In na fito Sanusi ya shige kicin, in na shiga kicin ya fita baranda, in na fita shanya ya rasa inda zai sa kansa sai ya tafi wanke motar da ya riga ya wanke.

Rabi kuwa na same ta fes, jaririn ma tubarkalla. Amma da ta gaya mini abin da aka fara ba ta a asibiti bayan ta sauka, sai da na zauna. Ruwa ne da ƙanƙara a ciki. Mai jego! Washegari na fara gasa ta a bahon wankansu, da ruwan famfo mai zafi da tawul tunda an ƙwace ganye, na bi ta da kunun kanwa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ce sai na rubuta.

Ranar da na sauka, Rabi ta buɗe mini ɗakin da zan zauna, sai na ga mutane. Hotuna ne manya a cikin firam da gilashi, an jera su a ƙasa an jingina da bango, tun daga ƙofa har gindin gado. Ba masu launi ba ne, baƙi da fari ne, takardar ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Kowacce da gashi buya-buya nannaɗe har ƙirji, da leshi a wuya, da hannu a ƙugu, tana kallon mutum ta saman hanci.

Na ce, "Rabi, matan nan fa? Dangin mai gidan hayar ne?"

Ta ce, "Mama, maza ne."

"Wane irin maza? Dubi wannan, gashinta ya fi na amarya."

"Hular gashi ce, Mama. Manyan Ingila ne na zamanin da, masu sarauta, kamar hakimai. Lod ake ce musu."

Na matsa na duba da kyau. Ai kuwa ɗaya har da gashin baki, wani da takobi, wani ya sa rigar ƙarfe amma ya ɗora leshi a kai. Akwai wani mai dogon hanci da safa har gwiwa, ya turo ƙafa ɗaya gaba kamar yana son a yaba masa ƙwauri. Mace ɗaya ce tak a cikinsu, ita kuma gashinta bai kai na mazan ba.

Rabi ta yi mini bayani. Sanusi yana aiki a kantin wata tsohuwar Baturiya, Madam Dorati, mai sayar da kayan da. Shi ke tuƙa mata mota, shi ke ɗaukar kaya. An yi ruwa da iska rufin kantin ya yi yoyo, sai ta raba kayan masu tsada ga waɗanda ta yarda da su kafin a gyara. Shi aka ba amanar hotunan.

Na ce to, amana amana ce, amma ni ba zan yi salla mazan mutane suna kallona ba, balle in canza zane. Na ce a juya su su fuskanci bango. Sanusi ya amsa daga falo, don ba ya shiga ɗakina, ya ce, "Mama, a yi haƙuri, Madam ta ce kada gilashin ya taɓa komai mai ƙarfi." Sai na buɗe akwati na fito da zannuwana da mayafai, na lulluɓe kowane Lod tun daga sama har ƙasa. Mai dogon hanci shi ya samu atamfata mai ruwan goro.

Akwai maƙwabciyarsu, Hajiya Mariyama, 'yar Damagaram, ta daɗe a garin, ita ta riƙe Rabi kafin in zo. Da ta shigo yi mini sannu da zuwa, labule a sake, ɗakin da ɗan duhu, sai ta ga mata jere a gindin bango cikin lulluɓi. Ta rage murya ta ce, "Sannunku, bayin Allah. Ina gajiya?" Shiru. Ta sake gaishe su. Shiru. Ta juyo ta raɗa mini, "Hajiya, 'yan rakiyarki ba su jin Hausa ne?" Na ɗaga mayafin ɗaya, ta ga gashin baki, ta yi tsalle ta ce da Faransancinsu na Nijar, "Wallahi se pa posibul!" wato abin ba zai yiwu ba. Ranar mun yi dariya har jariri ya farka.

Ita ce kuma ta koya mini dabarar turare. Karon farko da na sa turaren wuta a kasko, wani farin abu da ke manne a rufin ɗaki ya fasa ihu kamar an taka wutsiyar mage. Na fito da gudu ba ɗankwali, Rabi tana cewa, "Mama, alam ne, alam ne, hayaƙi ya ji!" Hajiya Mariyama ta zo ta hau kujera ta ɗaure masa kai da leda, ta ce in na gama in kwance, kuma in riƙa rufe ƙofa. Kada wadda ta kwaikwaye mu, daga baya an gaya mini laifi ne babba. Amma haka na yi ta yi safe da yamma. Ni ba na zama a ɗakin da ba ƙamshi. Kayan jariri ma a nan nake turara su. Ni da Lod-Lod ɗina muka yi makonni a cikin hayaƙin hawi da sandal, ba wanda ya yi ƙorafi a cikinsu.

Wata safiya Madam Dorati ta bugo waya. Wani attajiri a Summerfield, wani gari a arewa da su, yana son ganin hotunan gaba ɗaya a ranar, Sanusi ya kai su can, ita za ta same shi a gidan. Na fita falo don ya samu shiga. Ya shiga, ya yaye zane na farko. Can ya fito riƙe da Lod mai rigar ƙarfe, ya kai hancinsa bayan firam ɗin, ya ɗago. Ban taɓa ganin baƙin mutum ya yi fari haka ba.

Ya ce wa Rabi, ba ni ba, "Ƙamshi suke."

Na ce, "To ai gara ƙamshi da wari."

Ya dubi ƙasa ya ce, "Mama, takardar nan ta haura shekara ɗari biyu. Hayaƙi ne babban abokin gabarta. In ya shiga ya yi mata dabbare-dabbare, shi ke nan, ba ta gyaruwa. Madam ko sigari ba ta bari a sha a ƙofar kanti."

Rabi ta fara hawaye. Da aikin nan suke biyan haya, da shi yake karatun yamma, ga jariri. Ya kunna fanka ya jera su a gabanta, ya fita da su baranda, ya yi musu fifita da kwali. Ina! Turaren Katsina ba a korarsa da fanka. Na shiga ɗaki na sa leshina mai kyau, na yafa mayafi, na ɗauki jaka.

Ya ce, "Mama, ina za ki?"

"Ban haƙuri. Ba a tura yaro shi kaɗai wurin da babba ya kamata ya yi magana."

Bai iya yi mini musu ba, surukuta ta hana. Na zauna a bayan motar kaya tare da mutanena, ina riƙe da mai dogon hanci kada ya kife. Muka bar gari muka shiga wajen da gidaje suke nesa da juna, ga ciyawa shar, ga dawaki a cikin shinge. Wani dokin har da abin rufe fuska don ƙuda. Ban ga mutum ko ɗaya a waje ba. Na tambayi Sanusi ko rasuwa aka yi, ya ce a'a, haka suke zama.

Gidan attajirin ya isa a zuba iyalin gidanmu da na maƙwabta, amma shi da matarsa ne kawai a ciki. Ƙato ne mai jar fuska, dillalin gidaje, da gajeren wando a gaban baƙi. Madam Dorati kuwa 'yar ƙaramar tsohuwa ce, tabarau rataye a wuya da sarƙa. Sanusi ya fara shigo da hotunan yana jerawa a falo. Kafin ya ajiye na uku falon ya koma kamar ɗakin amarya. Na ga hancin Madam ya motsa. Ta dubi Sanusi. Sanusi ya dubi takalminsa.

Maigidan ya sunkuya kan wani Lod, ya ja numfashi mai tsawo, ya lumshe ido, ya faɗi wata magana da murna. Na taɓo Sanusi na ce me ya ce. Ya raɗa mini, "Wai wannan shi ne ƙamshin tsofaffin gidajen sarautar Ingila. Wai da jin sa ka san na asali ne."

Madam ta bar shi a kan hakan. Ni kuwa ban iya ba. Na gyara mayafi na fara jawabi. Na gaishe su, na gabatar da kaina, na ce yaron nan ba shi da masaniya don ba ya shiga ɗakina, na kawo zancen salla, na kawo zancen jego, na roƙe su da girman iyayensu. Na daɗe ina magana. Na ce Sanusi ya fassara. Ya buɗe baki ya faɗi kalmomi da ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, matar gidan ta yi murmushi ta ce ta gode. A ciki na tsinci kalmar gida da kalmar kyau.

Na ce, "Sanusi, duk maganar nan tawa ita ce gida ya yi kyau?"

Sai na buɗe jaka na ciro 'yar kwalbar turaren da ba na rabuwa da ita, na cire murfi, na kai ta hancin maigidan. Ya shaƙa. Ya koma ya shaƙi Lod. Ya dawo ya shaƙi kwalba. Na buga ƙirjina na ce, "Mi. Katsina."

Sai matarsa ta fashe da dariya, irin wadda ke sa mutum ya nemi kujera. Ta nuna mijin tana maimaita maganarsa ta gidajen sarauta, tana share hawaye. Jar fuskarsa ta ƙara ja, daga baya shi ma ya bi ta.

Madam Dorati ba ta yi dariya ba. Ta sa aka kwantar da hoto ɗaya a tebur, ta sa farar safar hannu, ta ɓalle bayan firam ɗin a hankali ta zaro takardar. Ta ɗauko gilashin ƙara girma ta bi ta kusurwa-kusurwa. Ina jin numfashin Sanusi daga inda nake. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku. Sannan ta cire tabarau ta yi magana, Sanusi ya juyo gare ni. Ya ce, "Mama, wai takardar lafiya lau. Katakon firam da kwalin baya ne suka sha ƙamshi. Wai da ba a rufe su da zane ba, da an yi ɓarna."

Ta yafito ni ta ba ni gilashin. Na duba fuskar mutumin, sai na ga ashe ba fuska ba ce, zane ne siri-siri, layi kan layi, wasu sun gicciye wasu. Inda aka so duhu an matse su, inda aka so haske an ware su. Ko Bagobiri bai kai shi tsaga ba. Ta yi bayani Sanusi yana fassarawa, wannan karon da gaskiya. Wai da farko wani gwanin mai fenti ne yake zana basaraken da launi, a rataye a gidansa, ba mai gani sai wanda ya shiga. Daga baya wani gwanin daban ya zauna gaban wancan zanen da farantin tagulla da ɗan ƙarfe mai tsini, ya yi ta ƙwarzanar hoton a jikin tagullar, wata da watanni. Sai a shafa tawada, a goge, a danne takarda a kai, hoto ya fito. Na ce kamar masu zanen ƙwarya ke nan. Har leshin wuyan, kowane rami da hannu aka yi shi. A nan na ɗan ji nauyin mutanen da na yi ta yi wa dariya. Ba masu hular gashin ba, masu ƙwarzanar.

Maigidan ya nuna mana bangon matakalar bene inda zai jera su. Na ce a tambaye shi wanne ne kakansa a ciki. Ya ce babu. Na ce to dangin matarsa ne? Ya ce a'a, ko sunayensu sai ya karanta a ƙasan hoton.

Na ce, "Sanusi, tambaye shi, a garin nan har kakanni ake saye?"

Ya fassara. Mutumin ya sosa ƙeya. Ya ce kakansa manomin taba ne, ya mutu bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, bangon kuma ya yi masa faɗi da yawa. Ni ma dai ba ni da hoton nawa kakan.

Maigidan ya saye su duka ban da mai dogon hanci, wanda tun yoyon kanti ruwa ya taɓa masa gefe. Matar ta riƙe kwalbata ta ƙi saki, na bar mata, na nuna mata da hannu yadda ake sa shi a garwashi, na kuma nuna mata rufin ɗaki na toshe kunnuwana. A waje Madam Dorati ta tsare Sanusi ta yi masa faɗa mai tsawo da yatsa a sama. Ban nemi fassara ba, faɗa ko da wane yare ne ana gane shi. Amma da ta gama ta ce ya zo aiki da wuri gobe, akwai kujerun da za a ɗauko.

Bayan an yi arba'in na fara shirin gida. Ana gobe zan taso Madam ta aiko Sanusi da wani abu a cikin kwali mai faɗi. Mai dogon hanci ne, an cire shi daga firam, wai tsarabata. Na rasa yadda zan yi da shi. Kyauta ba a mayarwa, bango kuma ba zan rataya shi ba. Na shimfiɗa shi a ƙasan akwati na ɗora zannuwa.

A filin jirgin Kano wani jami'in kwastan, dattijo mai furfura a gemu, ya ce in buɗe. Ya ɗaga turamen da Rabi ta ba ni, ya ɗaga takalman jikoki, ya kai ƙasa ya zaro kwalin. Ya buɗe. Ya daɗe yana kallon hancin nan da ƙwaurin nan.

Ya ce, "Hajiya, wannan fa?"

Na ce, "Wani ne da muka zauna ɗaki ɗaya da shi a can."

Ya ɗago ya dube ni. Na ga inda tunaninsa ya nufa, na yi maza na ce, "Ai ya rasu. Ya daɗe da rasuwa."

Nan take jikinsa ya yi sanyi. Ya mayar da hoton cikin kwali da hannu biyu, ya shimfiɗa shi yadda ya same shi, ya ja zif ɗin akwatin da kansa. Ya ce, "Allahu akbar. Sai haƙuri, Hajiya. Duk can za mu."

Layi ya yi tsawo a bayana, ga Alhaji ina hango shi ta gilashi yana ɗaga mini hannu. Na ja akwatina na ce, "Na gode, Malam. Allah ya ba da lada."